Hannun da Ka Aiko Mini, Ustaz Mahrus

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ustaz Mahrus Abdul-Gawad a wani asibiti a Alƙahira, bayan doguwar jinya. Washegari aka iso da shi garinmu Luksor, aka haye kogi da shi zuwa yamma, muka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ina zaune a ƙofar gida labarin ya same ni. Matata Nafisa ce ta ɗauki wayar. Sai na ji ta ajiye tiren shayi a ƙasa a hankali, ita da ba ta taɓa ajiye abu ba tare da unguwa ta ji ba. Ban jira ta faɗa mini ba.

Ni ne Gad, masassaƙin dutse, kuma makaho. Ina faɗa ne Nafisa tana rubutawa. Mahrus, da kai zan yi magana, don ban saba ba da labarinka ga wani ba, kullum kai ne mai ba da labari.

Mahaifiyata ta rasu ina jariri, taka ta haɗa mu ta shayar. Har ka tsufa ba ka daina cewa ni na shanye maka rabo ba, shi ya sa na yi ƙiba ka tashi kamar sandar rake. Muna yara jakin kawunka ya taka maka ƙaramin yatsan hannun hagu, ya warke a miƙe, bai sake lanƙwasuwa ba. In ka ɗauki kofin shayi sai yatsan ya tsaya shi kaɗai, mu ce Mahrus yana shan shayi irin na manyan Alƙahira. Kai ka yi karatu ka zama jagoran baƙi masu yawon buɗe ido. Ni na gaji guduma da ƙarfen sassaƙa na ubana, ina fitar da fuskokin sarakunan dā a farin dutse ina sayar wa baƙin da kake kawowa.

A shekarun da baƙi suka ɗauke ƙafa, abokan aikinka sun tare a gidan shayi suna ƙorafi. Kai wani abu ne daban ya dame ka. Ka ce yaranmu an haife su a gindin waɗannan duwatsu, amma in ka tambaye su wa ya zana bangon da suke wucewa kullum, sai su kalle ka. Ka ce manyan gidajen tarihi na ƙasashen waje sun zuba komai a intanet, hotuna da bayanai da taswirori, sai dai cikin harsunan da ɗan manomin rake bai sani ba. Sai ka buɗe naka shafin da Larabcinmu na kudu, wanda ake ciniki da shi a kasuwar Talata, ka sa masa suna Maƙwabtanmu na Dauri. Ka zuba hotuna da gajerun bidiyo, da darussan koyon karanta rubutun zane na mutanen dā, kana kuma nuna wa masu karatu waɗanne shafuka ne abin dogaro, waɗanne ne shirme. Ba ka taɓa sa wa kowa kuɗi ba.

Kana da haƙuri da kowace irin tambaya, ban da guda ɗaya. In wani ya rubuto cewa aljanu ne suka yi gine-ginen nan na dā, sai ranka ya ɓaci har a ji a muryarka. Ka taɓa amsa wa wani da cewa, «Ɗana, aljani ba ya ajiye aiki don an jinkirta masa hatsinsa. Maginan nan kuwa sun taɓa ajiyewa. Mutane ne, masu ciki da ciwon baya, kamar ubanka.» Wata malamar firamare a wani ƙauye bayan Isna ta rubuto cewa intanet ba ya kai musu. Ka kwashe darussan ka zuba a 'yar ma'ajiyar waya, ka ba direban mota ya kai mata, kuma duk lokacin da ka yi sabon darasi haka kake yi. Ba ka taɓa ganin fuskarta ba. Ta zo gaisuwar rasuwarka da kanta.

Nawa alherin ya fi na kowa nauyi. Ciwon suga ya ci idona a hankali har ya gama. Ranar da na sari yatsana a maimakon dutse, na tattara kayan aiki na tura ƙarƙashin gado, na shiga ɗaki na rufe. Na daina zuwa masallaci, na daina fita gaisuwa. Nafisa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Gaskiya ita ce na gama da kaina, jiran mutuwa kawai nake yi, kuma na ji haushin jinkirinta.

Ka zo ka same ni a kwance. Ba ka yi mini wa'azi ba.

Ka ce, «Tashi, ƙaton banza. Kana wari kamar tulun da aka manta a bayan gida.»

Na ce, «Fita mini daga ɗaki, Ustaz. Je ka nuna wa masu ido hotunanka.»

Na zaci ma ka tafi. Sai ka ce, «Wallahi ka yi gaskiya. Duk abin da na yi, na masu ido ne.»

Bayan mako biyu ka dawo ka ɗora mini waya a kan ƙirji. Muryarka ta fito daga ciki. Ka buɗe sabon sashe a shafinka, na sauti zalla, domin wanda ba ya gani. Ba irin bayanin jagorori ba ne, mai cike da sunayen sarakuna da shekaru. Kana bin bango ne yadda hannu zai bi shi. Ka ce daga gwiwa zuwa ƙugu faɗin yatsu kaza ne, a nan ƙarfe ya nutse, a nan ya shafa kawai ya wuce, a nan mai zanen ya yi kuskure ya rufe da farar ƙasa. Nafisa ta ce ta taɓa ganinka a gaban bango kana kallo, sai ka rufe ido ka yi magana, in maganar ba ta dawo maka da hoton ba, ka goge ka sake. Daga baya makafi suka riƙa aiko maka da saƙo daga Aswan, daga Sudan, har daga Maroko. Ni dai na san saboda wa aka fara.

Duk da haka ban tashi ba, sai ranar da ka kawo mini labarin makaɗin. Ka ce a wani ƙaramin kabari a kan tudu, wanda ban taɓa shiga ba don baƙi ba sa sayen sassaƙen irin zanen cikinsa, an zana liyafa. A tsakiyar masu liyafar akwai wani mutum zaune yana kaɗa babbar garaya mai tsirkiyoyi da yawa. Mai sanƙo ne, mai tumbi, wuyansa ninki-ninki, kuma makaho.

Na ce, «Ƙarya kake, don ka zage ni ka ƙirƙiro shi.»

Ka ce, «Tumbin ma sak naka. Amma dubi inda suka zaunar da shi, Gad. Ba a bakin ƙofa yake yana jiran sadaka ba. Yana tsakiyar ɗaki yana aiki, kowa ya yi shiru yana saurarensa. Shekaru dubbai yana nan bai ajiye ba. Kai kuwa ka tura kayanka ƙarƙashin gado.»

A ranar na sa aka jawo mini kayan. Muka yi alkawari: kai za ka karanta mini makaɗin gaɓa-gaɓa a shafinka, ni kuma in fitar da shi a dutse da hannuna, in ba ka. Na san in na gama shi, ni masassaƙi ne har yanzu. In na kasa, to gadon nan yana jirana.

Ka yi mini bayanin kansa da wuyansa, na sassaƙa. Ka yi tumbi da ƙafafu, ka yi jikin garayar, ka yi hannun dama. Ina shafawa ina sara, ina ɓata dutse ina sakewa. Na koma masallaci. A wannan lokacin ne muryarka ta fara dishewa. Na tsokane ka, na ce ka rage taba ko ka bar wa kwaɗin kogi aikin. Ka yi dariya ka ce sanyi ne. Darasin ƙarshe da ka ɗora gajere ne, kana tsayawa kana haɗiyar yawu da ƙyar. Ka rufe shi da cewa, «Saura hannun hagu. Shi ne mai wuya, don kowane yatsa da inda ya nufa. Kada ka yi gaggawa, Gad, ka jira ni.»

Ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka tafi da kai Alƙahira, aka yi aiki, muryar ta tafi gaba ɗaya. Mutumin da ya ciyar da iyalinsa da magana, ya raya ni da magana, ya koma sai nuni. In na kira, 'yarka Tahani ce take sa maka wayar a kunne, ni kaɗai nake surutu, ina jin numfashinka.

Hoton makaɗin yana nan a shafin, kowa yana iya gani. Na sa Nafisa ta duba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, «To, hannu ne dai, Alhaji. Yana kan igiyoyin.» Na sa maƙwabta, na sa wani jagora abokinka. Kowa ya ce yatsu biyar ne, a buɗe kaɗan. A nan na gane gani daban, iya faɗar abin da aka gani daban. Dutsen ya zauna a kan benci, komai ya fito sai wani dunƙule a wajen da hannun hagu zai kasance. Kullum ina shafa dunƙulen nan ina sake kunna muryarka tana cewa in jira. Na jira, Mahrus. Da labarin ya zo, bayan salati, abin da ya fara faɗo mini shi ne shi ke nan, ba zan gama ba. Na ji kunyar tunanin, amma shi ne ya zo.

Kwana ukun zaman makoki na yi su a zauren danginku, mai karatu yana karanta Alƙur'ani, maƙwabta suna shigo da tirorin abinci, ni ban iya cin komai ba. Da aka tashi na koma gida na ce wa Nafisa ta mayar da kayan ƙarƙashin gado. Ba ta mayar ba.

Washegari da la'asar Tahani ta zo. Ta gaishe ni, ta zauna a gabana a kan tabarma.

Ta ce, «Ammu Gad, baffana, ba ni hannunka na hagu. Baba ya ba ni saƙo.»

Ta ce a makonninka na ƙarshe, da ka ga muryar ba za ta dawo ba, sai ka riƙa buɗe hoton a waya kana kallo, kana jera yatsunka a kan ƙarfen gado. Sannan ka kama nata hannun ka jera mata, ka wargaza, ka sa ta sake, kullum, har ta iya ido a rufe. In ta yi kuskure sai ka ɗan buge mata hannu. Ta ce ma'aikatan jinya sun zaci wani motsa jiki ne.

Ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Babban ta tura shi gaba, ta lanƙwasa manuni kamar zai tsinki igiya, na tsakiya ta ɗaga shi kaɗan, na kusa da shi ta kwantar. Ina jin hannun yana fitowa a raina sarai, kamar da rana. Sai ta zo kan ƙaramin, ta miƙar da shi tsaye, ta riƙe.

Na ce, «Tahani, haka yake a hoton?»

Ta buɗe waya ta duba. Ta ce, «A'a, Ammu. A hoton a lanƙwashe yake. Ni yadda na gani a hannun Baba na koya.»

Ban yi kuka a maƙabarta ba, ban yi a zaure ba. A nan na yi, hannuna a sama, yatsan a tsaye, na kasa saukewa.

Ta ce za ta gyara mini yadda yake a bango. Na ce ta bar shi. Na gama dutsen shekaranjiya. Masana za su ce akwai kuskure a ƙaramin yatsa, kuma da kana nan da kai za ka fara faɗa, don ba ka yarda a ƙara wa mutanen dā abin da ba su yi ba. Ka yi haƙuri, wannan karon ban bi maganarka ba. Na yi alkawarin ba ka shi, babu kai, don haka na kai wa Hajiya Su'ad, matarka. Nafisa ta ce Hajiya ta shafa shi tun daga kai, da ta iso kan yatsan sai ta tsaya. Kayan aikina suna kan benci, ba su koma ƙarƙashin gado ba.

Tahani ta ce shafin zai ci gaba da zama a buɗe. Muryarka tana nan ga duk mai nema, sai dai ba za a ƙara sabuwa ba, kuma akwai bangaye da yawa da ba ka kai gare su ba. Makafin da suka saba jiranka har yanzu suna aiko da tambaya yaushe darasi na gaba zai fito.

Ya Allah, ga bawanka Mahrus ɗan Abdul-Gawad ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka cika shi da haske, kamar yadda ya nema wa marasa gani haske. Ka sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka mayar masa da muryarsa a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Su'ad, da Tahani, da 'yan'uwansa, da ɗalibansa na kusa da na nesa waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Ɗan'uwana, ka ce in jira ka, na jira, kuma saƙonka ya iso. Yanzu kai ne za ka jira ni.