Matar Da Ummi Ta Gani A Kan Ruwa

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, hanya ce da ƙafata ta taka, idona ya gani.

Ranar wata Lahadi ce bayan ƙaramar salla, a shekarar da yara suka ce mini dubu biyu da goma sha biyar ce. Ina Kuala Lumpur, an kai ni jegon matar ɗana na fari, wanda yake karatun dakta a can. 'Yan'uwansa ɗalibai suka ɗauki hayar bas, suka ce iyalai za su je bakin teku shan iska, kuma lalle sai Hajiya ta ga teku kafin ta koma. Mai jego ta zauna a gida da jaririnta, ni da shi da 'yarsu Ummi muka bi ayari da sassafe, da kulolin dafa-duka da cincin da gorunan zoɓo. Aka sauke mu a wata rumfa bayan itatuwa. Mu manya muna shimfiɗa tabarmi, yara suka ruga wajen wata doguwar gadar katako da ta miƙa cikin teku, inda masunta ke ɗaure jiragensu. Mutanen ƙasar jeti suke ce mata, ni kwata na sani. Ba a jima ba sai ga Ummi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ta faɗa jikina tana haki tana zuba Turanci. Shekarunta bakwai, sunan mahaifiyata ta ci, amma ba ta da Hausar da za ta gaya mini abin da ya koro ta. Ubanta ya fassara yana dariya. Wai ta je ƙarshen kwatar ita kaɗai, ta hango wata mata can nesa, fuskarta fari fat, ba ta da ƙafafu, tana sulalawa a kan ruwa, har ta ɗago mata hannu.

Babu wanda ya tashi. Aka ci abinci, aka yi azahar, sannan aka taka zuwa kwatar. Ruwa ya cika maƙil yana dukan ginshiƙai, ba mace, ba alamarta. Maza suka ɗauki hotuna suka juyo. Amma akwai wata maƙwabciyarmu, Maman Sadik, matar wani malamin jami'a, ta kalli yarinyar ta kama haɓa ta ce, "Hajiya, wannan fa gamo ne, a tashi tsaye." Da za mu koma, na ga ta janye ɗanta daga kujerar da Ummi take.

Gidan da muke a Taman Melati dogon bene ne, a ƙasansa akwai ɗan fili da lilo inda yara ke taruwa bayan la'asar. Kafin mako ya zagayo, yaran sun raɗa mata suna, Ummi Hantu, wato fatalwa da bakin mutanen can. In ta hau lilo sai su watse. A Islamiyyar Asabar aka bar mata kusurwar tabarma ita kaɗai. Mata suka riƙa aiko da man zaitun da habbatussauda, wata ta turo karatun ruƙiyya a waya. Ubanta kuma ya ce ƙarya ce irin ta yara masu kallon talabijin, in ta sake ɗaga maganar zai saɓa mata. Yarinya ta shiga tsakani, waje a ce tana da aljanu, gida a ce maƙaryaciya ce. Ta daina sauka ƙasa. Sai ta zauna a bakin taga tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa a saman gadarsa.

Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, don na san wannan zaman.

A wani ƙauye na tashi a ƙasar Yawuri, a bakin Kwara. Gidanmu zagaye yake da dannin kara, ga rumbuna uku, ga ragar kifi a kan murhun banda, hayaƙinta ya kama zannuwanmu har ba ma jin sa. Aikin 'yan mata a garinmu daga kogi yake farawa, a kogi yake ƙarewa. Da hantsi mu ɗauki gammo da tulu mu gangara kwata, mu goge tukwane da toka da yashi, mu yi wanka a bayan kwale-kwalen Sarkawa, mu dawo a jere ruwa yana ɗiga a wuyanmu. Lokacin shinkafa a tura mu fadama korar tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa, lokacin albasa mu yi ta yanke ganye har idanunmu su yi ja. Da yamma mu yi carafke a ƙofar gida, mu ɗinka wa 'yar tsanar kara zane da tsumma, in wata ya fito a yi gaɗa. Ni ce nake faɗawa tsakiya a cafe ni, don ba ni da nauyi, kuma ni ce mai bayar da waƙa.

Wata safiya aka aike ni ɗebo ruwa tun hazo bai tashi daga kan kogi ba. Na duƙa zan cika tulu, na ɗaga kai, sai na ga wani abu dogo fari a tsaye a tsakiyar ruwa, yana motsa hannu a hankali. Na saki tulun ya fashe, na ruga gida na faɗa. Daga gidanmu zuwa kwata bai kai nisan da ake jin kiran salla ba, amma ko mutum ɗaya bai taka ya duba ba. Babana ya dake ni a kan tulu. Gwaggona ta lulluɓe ni da bargo a kan kaskon hayaƙi har na shiɗe, aka yi ta ɗura mini rubutu, aka hana ni zuwa kogi. Da na koma dandali na faɗa tsakiya yadda na saba, sai 'yan mata suka janye hannuwansu, na zube a ƙasa. Tun daga ranar sunana na yanka ya ɓace, na koma Ta-Kwata. Da sunan aka kai ni aure Kano, da shi dangina suke kirana har yau. Mahaifiyata ce kaɗai ta taɓa ce mini, tana tsefe mini kai, "Na san kin ga abin da kika gani." Amma ita ma ba ta je ta duba ba.

Shi ya sa na ce a raina, wannan sunan ba zai zauna a kan Ummi ba muddin ina ƙasar. Ga shi kwanakin da aka ba ni na zama sun fara ƙarewa.

Na fara da ita kanta. Ba na jin bakinta, ba ta jin nawa, sai na nuna mata da hannu ta gwada mini. Ta jawo dardumar sallata a kan sumul ɗin daɓen ɗakin, ta durƙusa a kai, ta sulala gaba, ta miƙa hannu ƙasa kamar mai tsintar abu, ta jefa a gabanta, ta sake sulalawa. Na sa ta maimaita washegari, da jibi, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Na reni yara da yawa, na san labarin ƙarya kullum ƙiba yake yi. Kuma na yi ta juya abu ɗaya a zuciyata: wadda ta bar duniya, me take tsinta, wa za ta kai wa?

Na tari ubanta da maganar. Ya dafe kai ya ce, "Hajiya, don Allah, ina da difens na kundin karatuna a gabana, sufabaizana mai duba aikin ya sa ni gaba. A bar maganar nan ta mutu." Na ce masa irin wannan ba ta mutuwa, girma take yi tare da mai ita. Na daina cin abincin da yake yo mana tapau, wato ƙunshin da ake sayowa a kawo gida, daga shagon mamak, Indiyawan ƙasar masu sayar da abinci, har sai da ya aro mota ya mayar da mu. Muka isa da rana tsaka, ruwa ya cika kamar wancan karon. Ya nuna mini da ɗan makulli ya ce, "Kin gani ko? Ko da ruwan ya janye, laka ce a ƙasa, mutum zai nutse har wuya. Ba mai iya tsayawa a can." Na ce to a tambayi mutanen wurin. Nan ne raina ya ƙara ɓaci. Mai shayin bakin kwata yana jin kalmar hantu sai ya ajiye kofinsa, fuskarsa ta washe, ya shiga ba da labarin wata amarya da ta faɗa ruwa. Wani mai ƙugiya ya ce a'a, matuƙin jirgi ne marar kai. Wani tsoho ya ce yara biyu ne masu kuka. Kowa da fatalwarsa, babu mai irin tamu, kuma duk wanda ka tambaya ko shi ya gani da idonsa, sai ya ce ƙanin matarsa ne. Ɗana yana fassarawa yana duban agogo. Muka zo neman a rage mana fatalwa ɗaya, muka koma da huɗu, Ummi tana ƙanƙame da mayafina. 

Na haƙura har mai jego ta yi arba'in. Sannan na ce mata, "Maman Ummi, 'yarki ce. In ba ki je ba, ni zan kama hanya, in na ɓata ku nemo ni." Ta san zan aikata. Ta goya jariri, muka hau jirgin ƙasa, muka sauya wani, muka ƙarasa da tasi, ƙafafuna sun kumbura. Muka tarar da ruwa a cike a karo na uku. Na zauna a kan katakon nan, na ji kamar in yi kuka, har na fara cewa ko dai su ne da gaskiya. Muna shirin juyawa sai sama ta ɓalle da irin ruwan ƙasar nan mai zuwa babu sallama. Muka fake a rumfar mai shayi, muka yi azahar a nan, muka yi la'asar, ana ta tsugawa.

Da aka ɗauke muka fito, sai na tarar teku ya tafi. Kogin garinmu sai rani yake janyewa, a hankali, wata da watanni. Wannan kuwa tsakanin salla biyu ya kwashe kayansa. Jirage sun kwanta a kan gefensu, laka ta shimfiɗu har inda ido ya ƙare, da ɗan ruwa-ruwa a samanta yana ƙyalli, daga nesa ba ka raba ta da teku. Ummi ta matse mini yatsu ta ce, "Kaka. Ga ta." Hausar da ta fara yi mini ke nan da kanta.

Can nesa wata aba tana sulalowa, fuska fari fat, babu ƙafafu. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba, na kama addu'a. Amma na ƙi motsawa, na riƙe yarinyar, na ce yau sai an duba. Tana matsowa tana zama mutum. Dattijuwa ce kamata, ta durƙusa da gwiwa ɗaya a kan wani faffaɗan katako, ɗaya ƙafar tana tunkuɗa laka ta baya, ga bokiti a gabanta tana tsintar ƙananan dodon-koɗi tana jefawa. Farin fuskar kuwa garin shinkafa ne ta kwaɓa ta shafa saboda rana. Da ta iso gindin kwata ta ɗago hannu, kamar yadda ta ɗaga wa yarinyar a rannan. Ummi ta leƙa ta yi mata magana da yaren ƙasar, matar ta yi dariya har na ga giɓinta, Maman Ummi ta fassara mini cewa wai ta tuna yarinyar da ta bar mata takalmi ɗaya. Maman Ummi ta ɗauke ta a waya tun daga nesa har ta iso.

Na ɗauka magana ta ƙare. Aka nuna wa mata hoton a wani gidan suna, suka kalla. Sai Maman Sadik ta mayar da wayar ta ce, "To, Hajiya, amma wa ya tabbatar ita ce ta rannan?"  Na gane wasu ba amsa suke nema ba, labarin ne ya yi musu daɗi. Sunan bai goge duka ba. Amma washegari Ummi ta sauka ƙasa da kanta, ta hau lilo. Wani yaro ya kira ta da sunan, ta dube shi ta ce, "Makcik ce lah, wata inna ce mai tsintar koɗi. Ni na je na gani. Kai ka je?" Ta ci gaba da lilonta, ni ina kallo daga taga.

Ubanta bai ce ya yi kuskure ba, irinsu ba sa faɗa, amma ya sayo mata takalmi sabo ya ajiye a bakin gadonta. Ya gama karatunsa, yanzu yana koyarwa a nan gida. Su Maman Sadik sun koma Kaduna, na ji har yanzu tana ba da labarin a gidan biki, kuma fatalwar ta yi dogon gashi da jajayen idanu. Dattijuwar katako ban sake jin ɗuriyarta ba, in tana raye Allah ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Ummi ta zama budurwa, Hausa ta zauna a bakinta, babu mai tuna wancan sunan sai ita, in tana son ta ba ni dariya.

Yaran yanzu an ɗauke su a mota an haye da su ƙasashe, ba su san nauyin tulu ba, ba su san daɗin faɗawa hannun ƙawaye a dandali ba, ina tausaya musu a kan wannan. Amma jikata ta samu wanda ya raka ta har ƙarshen kwata. Garinmu kuwa ruwan dam ya ci shi tun da daɗewa, kwatar tana ƙarƙashi, waɗanda za su iya dubawa duk sun kwanta dama. Wataƙila masunci ne da farar riga yana warware taru a cikin hazo, wataƙila ba shi ba ne. Ta-Kwata ta tsufa ba ta san abin da ta gani ba.