Saje Tanko da Takalminsa a Hammata

Duk wanda ya yi kadet a makarantarmu ta gindin dutsen Mpape ya san abin da Saje Tanko yake fara yi in ya iso filin atisaye. Ba gaisuwa, ba kiran suna. Zama zai yi a kan kututturen nan, ya kwance takalminsa, ya cusa safa a ciki, sannan ya miƙe ƙafa a ƙasa kamar mai shirin shiga masallaci. Tsohon sajen badujalar soja guda, ga gashin baki a murɗe, ga kaki ya sha guga, amma ƙafa tsirara! Muka yi ta cewa rowa ce, ba ya so takalmin ya cinye. Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Sai kuma dokar nan tasa: ba a yi masa magana ta baya. Ko wuta ce ta kama, sai ka zagayo ka tsaya a gabansa. "Zagayo gaba, soja! Ƙeyata ba ta karɓar rahoto!" Haka zai daka maka tsawa, har masu tallan gyaɗa a bakin get su zabura. Kuma kowa a wurinsa "kai" ne, mace da namiji.

A shekarar da na shiga aka kawo mana sabon firinsifal, Malam Bashir, mutumin kirki amma ɗan zamani. Ya saurari kiɗan badujalarmu sau ɗaya, ya riƙe kai. Gaskiya ba mu da daɗin ji, begilolinmu kamar an take wa akuya ƙafa. Ya ce makarantun cikin gari yanzu faifai suke sawa a lasifika, yara su yi maci abinsu. Ya ba Saje zango ɗaya: in muka ji kunya a faretin makarantu, a rushe badujala, ɗakin kayan kiɗa ya koma na kwamfuta, Saje ya tafi gida ya huta.

Saje ya ƙura wa bakinsa ido har ya gama, ya ce, "Oga, faifai yana da ƙafa?"

Malam Bashir ya ce a'a.

"To ba zai yi fareti ba."

Washegari muka zo zaɓen mai babbar ganga, kowa yana hararar kowa, sai ga Saje ya sa an mirgino turmi da taɓarya daga wurin mai abincin makaranta. Turmi fa! Ya juya mana baya, ya ce kowa ya zo ya yi daka. Faruk, abokin kadet ɗinmu, kai da babanka darakta ne a ma'aikata, ka tuna yadda ka riƙe taɓaryar nan kamar za ta cije ka? Bugu uku ka yi, Saje bai ko waiwayo ba ya ce, "Wannan bai taɓa jin yunwa ba. Na gaba!" Ni kuwa 'yar mai sayar da kifi a Kado, da dakan yaji aka yaye ni. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu. Da ya juyo ya ga mace ce, 'yar firit, sai ya murɗa gashin baki.

"Menene sunanka?"

"Rabi, Baba."

"Rabi, ganga naka ne. In ka yi sauri na kashe ka, in ka yi nawa na kashe ka."

Maza suka kwana biyu ba sa yi mini magana.

Muka shiga atisaye ba ji ba gani. Shi a gaba da sandarsa, ya ba mu baya, mu arba'in muna biye, lefu, rai, lefu, rai. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, mai begila zai yi kuskuren da kare zai yi haushi a kai, Saje ya wuce abinsa. Amma mutum ɗaya ya saɓa ƙafa a layin ƙarshe, nan take zai tsaya cak. Muka ce lallai mutumin nan yana da aljanu a ƙeya.

Wata rana muna tsakiyar maci masu fasa dutse suka tayar da nakiya, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Saje ya juyo a fusace ya nuna ni da sanda.

"Rabi! Ka ƙara bugu ɗaya!"

"Baba, wallahi nakiya ce!"

Ya dubi ƙurar da ta turnuƙe saman dutse, ya dube ni, ya ce, "To ka gaya musu su bi ganga." Muka yi ta dariya har da faɗuwa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinmu.

Kafin zango ya ƙare mun zama mutane. Leburori kan tsaya da kwanon siminti a ka suna kallonmu, shi kansa Malam Bashir ya fara leƙowa ta taga. Sai ya kawo sharaɗi guda: ranar fareti manyan baƙi za su zo, Saje zai sa takalmi ko ya zauna a mota. Har sabon but ya sayo masa, mai kaurin ƙasa. Na ga fuskar Saje ta canza, na ɗauka girman kai ne.

Ranar ta zo da rana mai narkar da kwalta. Aka kira makarantarmu, na saki ganga, muka taka. Ba mu yi taku ashirin ba na ga abin da ban taɓa gani ba: Saje Tanko ya saɓa ƙafa! Muna lefu yana rai. Sandarsa tana gaba, gangata tana baya, layin farko suka fara rikicewa, wa za su bi? Innalillahi! Ga rumfar manyan baƙi tana matsowa, ga Malam Bashir ya rufe fuska da takardar shiri.

Sai Saje ya ɗaga sanda, alamar mu yi ta taku a wuri ɗaya. A gaban babban baƙo, a gaban 'yan jarida, ya sunkuya ya kwance but, ya tuɓe safa, ya danna su a hammata. Wata mata a rumfa ta saki salati. Ya dasa ƙafarsa a kwaltar nan da ko kare ba zai taka ba, ya jira bugu biyu, ya sauke sanda. Jama'a, ban san mun iya haka ba. Ƙafa tamanin kamar ta mutum ɗaya, har babban baƙon ya miƙe tsaye. Ba a ƙara yi mana zancen faifai ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne wannan. Da aka tashi na same shi a bayan mota, tafin ƙafarsa duk ya saɓule. Na kawo ruwa, na tsaya ta baya ina "Baba, sannu, Baba," har sau huɗu, da ƙarfi. Ko motsi bai yi ba. Na zagayo gaba ina kuka. Ya dube ni, ya gane na gane.

"Kunnen nan ya mutu tun ina soja, Rabi. Ƙarar igwa ce. Baki nake kallo, ku kuma da ƙafa nake jin ku. In ka faɗa wa oga, na kashe ka."

Ban faɗa ba. Shekara tara ya ƙara a makarantar yana koyar da kiɗan da bai taɓa ji ba, na riƙe bakina har yau da ba wanda zai iya korarsa.

Faruk ya ce mini ranar da ku mazan kadet ɗinmu kuka ɗauki makararsa, ba wanda ya ba da oda, amma kafin ku kai maƙabarta ƙafafunku sun daidaita. Ina jin da ya so hakan.

Allah ya jiƙan Saje Tanko, ya yafe masa, ya yafe mana rowar da muka laƙaba masa. Allah ya sanyaya ƙasar da yake kwance a ciki, ya buɗe masa kunnuwan nan a Aljanna. Amin.