Neman Dakta Ilu Daga Sharada Zuwa Bompai

Zawaciki

Na fita bayan sallar asuba da farar riga a goge. Malamina ya ce in ban kawo hira da Dakta Ilu ba, zan maimaita shekara. Dakta malamin jami'a ne da aka tsare a zamanin mulkin soja, don ya rubuta cewa mai kashe mutum saboda ra'ayi mahaukaci ne, ko kaki ya saka ko tuta ya ɗauko. Da aka sake shi sai ya ɓace cikin ma'aikatan masana'antu.

Sharada

Adaidaita sahu ta sauke ni a ƙofar wani kamfanin robobi. Kunya ta hana ni doguwar gaisuwa, na tafi kai tsaye ga tambaya. Maigadi ya daɗe yana kallon takalmina.

"Ilu? Ai ya koma Challawa."

Challawa

Warin fata ya tarbe ni tun daga titi. Mai shayi ya ce Dakta ya rasu. Wani direban tirela ya ce jiya ya gan shi a Bompai. Suka haɗa ido, mai shayin ya ce, "To, ya tashi ke nan."

Bompai

Na iso da la'asar, ƙafa ta kumbura. Na zauna a rumfar wata dattijuwa mai abinci.

"Yaro, wane ofishi ya aiko ka?"

"Jami'a, Hajiya. Kayar da ni za a yi." Muryata ta karye.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗan sandan ciki ba ya kuka a kan shinkafa da wake."

Ta ce tun zamanin soja, duk baƙon da ya zo neman Dakta da gogaggiyar riga babu gaisuwa, unguwa ta gaba ake tura shi. Sojoji sun tafi, ba wanda ya soke dokar.

Dakta yana bayan rumfar, yana karanta wa leburori jarida. Na durƙusa na gaishe su. Dakta ya nuna mini yatsunsa biyu a karkace.

"Gyaran da sojoji suka yi wa rubutuna ke nan. Editoci ne masu himma. Kunna wayarka, ɗana."

Gida

Na dawo bayan isha'i da hirata a waya. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya da duk waɗanda suka yi yawo da ni. Ina cire takalmi wani ɗan ajinmu ya bugo, ko sallama babu, wai ina ake samun Dakta.

Na ce masa ya koma Hotoro.