Jan Layi a Kan Fasasshen Tangaran

Ko na tsufa na manta sunayen rabin duwatsun da na karanta, ranar da muka shiga tsohuwar mahaƙar ƙarfe da manganiz da ke arewa da Lyon ba za ta fita a raina ba.

A lokacin ina karatun ilimin duwatsu, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Guillotière, cikin birnin Lyon. Littafina ya fi na kowa tsabta, amma bakina ba ya buɗuwa a aji. Malaminmu zai ɗauki ɗalibai biyu su yi sitaj, wato koyon aiki, a labo ɗinsa na gwajin duwatsu, kuma ba abin da nake so a duniya kamar wannan gurbi. Sai dai ya riga ya faɗa mini a ofis, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa rubutuna na da kyau amma bai san muryata ba, kuma ba ya aiki da wanda ba ya magana.

Bahaushiya ɗaya ce a ajinmu, haifaffiyar garin Clichy-sous-Bois na Faransa, iyayenta 'yan Maraɗi. Muna sa hular kwano a bakin ramin ta ce, “Malam Shiru, yau ma a littafi za ka yi mana magana? Wallahi ko dutsen nan ya fi ka surutu.”

Wani dattijo ɗan ƙauyen ne ya yi mana jagora. Sama gonakin inabi ne, rana tana haskawa. Taku kaɗan cikin ramin sai sanyi da ɗigar ruwa. Da ya ɗaga fitilarsa, na tsaya cak. Bangon baƙi wuluk, ya yi ƙulu-ƙulu kamar ƙodar saniya, yana sheƙi, jijiyoyi ja da fari sun ratsa shi. Malam ya ce a nan ƙasa ta tsage tun babu ɗan Adam, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa ta tsagar, yana hucewa yana ajiye abin da ya ɗauko, kaɗan-kaɗan, shekaru bayan shekaru. Dattijon ya ƙara da cewa masu yin gilashi ne suka fara sayen baƙin dutsen don ya wanke musu koren launin da ke ɓata gilashin, daga baya masu narka ƙarfe suka karɓe. Ya nuna mana sawun diga a jikin bango, kamar jiya aka sare shi. Na ce Subhanallahi a zuciyata ban san sau nawa ba.

Can ciki Malam ya ɗauko duwatsu biyu, dukansu baƙaƙe. “Ɗaya ƙarfe, ɗaya manganiz. Babu kayan aiki. Wanne ne wanne?”

Aka yi ta canki. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani fasasshen tangaran a ƙasa, ƙila kwanon wani mahaƙi ne. Na ɗauka, na tofa ɗan yawu a gefen da ya fashe, na goga dutsen farko. Baƙin layi. Na goga na biyu, sai ga layi ja kamar jini.

“Wannan ne ƙarfe,” na ce, da wata murya da ni kaina ban gane ba.

“Da yawu?” in ji Malam. “Wannan ba a ajina ka koya ba. A ina?”

Da na ce a littafi, da an wuce wurin. Gaskiyar ita ce mu maƙera ne a can gida, yankin Adar, abin da ban taɓa faɗa wa ko ɗan ƙasarmu ɗaya a Faransa ba, don na san kallon da wasu ke yi wa gidan maƙera. Amma a ƙarƙashin wannan dutse ƙarya ta yi mini nauyi. Na ce kakana yana narka tama, dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. Na ce yakan tofa yawu a farin dutse ya goga tamar, in ta yi jini ya ce a ɗauka, in ba ta yi ba ya jefar. Na yi bayanin murhun yumɓu, da gawayi, da yadda ƙarfen ke taruwa a gindi. Ban ankara ba na yi minti goma ina zuba.

Dattijon ya cire safar hannunsa ya miƙo mini hannu. Ya ce kakansa a wannan rami ya ƙare ƙarfinsa, shi ma da yawu yake gwadawa. 'Yar Clichy ta raɗa mini, “Ashe jikan maƙeri ne! To ka ƙera mini wuƙa, ta gidanmu ko albasa ba ta yankawa.”

A jirgin ƙasa na komawa Malam ya zauna kusa da ni, ya ce in zo labo ranar Litinin, in kuma rubuto masa duk abin da na tuna na murhun nan, kada in bar ko guda.

Tun ranar na gane cewa rabin shiruna ba kunya ba ce, ɓoyo ne. Mutumin da ke tsoron a san inda ya fito, da wuya ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani.