Audugar da Na Cusa a Gorar Ƙanwata

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, yau zan buɗe abin da na daɗe da rufewa.

Shekaranjiya iska ta kaɗa sandunan gora da maƙwabcinmu ya jingina a katanga, nan Unguwar Boro, suka bugi juna. Ina tsintar shinkafa, sai hannuna ya tsaya. Na san wannan kukan.

Muna yara a Kakuri, Baba yana aiki a masaƙa. A cikin injiniyoyinsu akwai wani ɗan Indonisiya, matarsa kuwa cocinmu take zuwa. Gajeriya ce, ƙanshin kanumfari take yi, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Ita ta kawo mana kayan kiɗan ƙasarsu, wai shi ankulun. Gora ce aka fafe, aka rataya a jikin ƙananan sanduna, in ka girgiza ta yi kuka. Sai dai kowace murya ɗaya gare ta tak. Waƙa ba ta fita sai mu takwas mun jeru, kowa ya jira matar ta nuna shi da hannu.

Da aka zo rabo, ni ce babba, aka ba ni babbar gora. Na yi murna, ashe ban sani ba. Mai kaurin murya ce, sau biyu ake nemanta a waƙa: tsakiya da ƙarshe. Ƙanwata aka ba ƙarama, mai zaƙi, kuma kusan kowane numfashi hannun matar a kanta yake. Damina guda muna koyo a gindin mangwaron coci, ni ina tsaye rungume da gora kamar mai jiran mota.

Mata masu wucewa su ce, "Kai, 'yar ƙaramar nan da hannu take!" Ba wadda ta taɓa tambayar 'yar wa ce mai babbar.

Abin da na sa a raina ɗaya ne. Ranar godiyar kaka za mu yi kiɗa a gaban jama'a, Baba ya ce zai zauna a layin gaba. Ni nake so ya kalla. Ni kaɗai.

Baba kan dawo da ragowar auduga a aljihu. Da safiyar ranar na ɗebi dunƙule, na shiga ɗakin ajiyar coci kafin kowa, na cusa a gorar ƙanwata, na tura da tsinke har ƙasa.

Coci ya cika, ga doya da dawa an tara a gaba. Matar ta ɗaga hannu, ta nuna ƙanwata. Ƙanwata ta girgiza gorarta. Ba kuka, sai wani ɗan ƙwas kamar an taka busasshen ganye. Aka sake nuna ta, haka. Waƙar ta zama zane mai huji. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

A na ukun sai yarinyar nan ta buɗe baki ta rera muryar gorar da kanta. Siririya, tsaf, daidai wurin. Duk inda aka nuna ta, ta rera. Mata suka ɓarke da guɗa. Baba ya miƙe tsaye. Tawa ta ƙarshe na girgiza ta da dukan ƙarfina, amma guɗa ta haɗiye ta.

A hanyar gida ƙanwata ta matso kusa da ni, ta buɗe tafin hannunta. Audugar ce.

"Yaya, kin manta kayanki."

"Je ki faɗa wa Baba mana."

"In faɗa masa me? Ai ke kika sa aka ji ni."

Matar injiniya ta koma ƙasarsu da kayan kiɗanta tun kafin masaƙa ta rufe. Har Baba ya rasu yana ba baƙi labarin ranar da 'yarsa ta yi waƙa, bai taɓa sanin hannun da ya jawo ba. Ƙanwata ita ke ba da waƙa a zumuntar mata a Mahuta, da furfurarta, har gayyatarta ake yi garuruwa. Ni ma ina zumuntar, a layin baya, ina buga tulu. Shekara hamsin ke nan ba ta faɗa wa kowa ba. Muryar na haƙura, na bar mata. Wannan shirun nata ne har yau nake jin zafin ba ni Allah ya ba wa ba.