Yadda Na Kai Wa Basiru Na'urarsa Kan Dutsen Kwawu

Zango zuwa tasha

Na bar gida a Zangon Kumasi ana kiran assalatu ranar Asabar, da langa a hammata. Ba tuwo ne a ciki ba. Na'urar jikana Basiru ce, wata aba kamar waya mai kauri, na naɗe ta da tsohon ɗankwali.

Basiru ɗan 'yata ne marigayiya, ni na goya shi. Gyaran wutar mota ya koya a Magazin, unguwar makanikai, sai ya haɗu da masu tashi sama da laima. Mutum ya ɗaure kansa da igiyoyi, ya ruga daga kan dutse, iska ta ɗauke shi, ba inji ba komai. Da ya ce zai je dutsen Kwawu ya yi tashi mai nisa, ban yi masa faɗa ba. Na bari ya shiga wanka, na zare na'urar daga jakarsa. A ganina makulli ce, kuma ban taɓa ganin mota ta tashi ba makulli ba.

Ranar Juma'a, bayan yaron ya tafi, maigidansa na Magazin, Masta Yakubu, ya zo gaishe ni, na ba shi labari ina jin daɗin dabarata. Sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Hajiya, laimar ba ruwanta da wannan. In ya ruga zai tashi, ko da ita ko babu. Ita ce ke gaya masa inda iska ke hawa da inda take zubewa, da ko zai kai filin sauka. In ya faɗa daji, ita za ta nuna wa mutane inda yake. Ba makulli kika ɗauke ba, idonsa ne."

Muka kira wayar yaron, ba ta shiga. Masta ya ce bari ya kai masa. Na ce ni na ɗauka, ni zan mayar.

Kumasi zuwa Nkoko

A tashar Kajetiya aka ce motocin Nkoko, garin da ke gindin dutsen, sun koma wani lungu, sai da na zagaya da gwiwoyin nan. Na samu kujerar baya, kan taya. Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito sosai. Na sayi koko da ƙosai, ƙosan ya huce a hannuna ban ci ba.

Yaron motar ya miƙo hannu zai ɗora langar a sama.

"Maame, kaya a sama yake zama."

"Wannan a cinyata zai zauna. In ka ga dama ka ɗora ni tare da shi."

Bayan Konongo muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani dogo ya leƙo, idonsa ya sauka kan langa. Na buɗe masa. Ya juya na'urar, ya danna wani wuri, fuskarta ta kama wuta.

"Hajiya, ke matuƙiyar jirgi ce?"

"Kakar matuƙi ce. Ba ni, rana na yi."

Ya yi dariya ya miƙo mini. Ban san yadda ake kashe ta ba, na mayar da ita haka nan. Daga can sai wata babbar mota da ta kwanta a hanya, muka yi ta rarrafe a bayan wasu. Ƙafafuna suka kumbura har silifa ya matse ni. Ina ta leƙen sama ta taga, kowace shirwa na gani sai in ɗauka shi ne.

Hawan dutse

Mun shiga Nkoko dab da azahar. Na ɗauki tasi ni kaɗai, ban tsaya ciniki ba, ni da ban taɓa sayen ko albasa ba tayi ba. Muna fara hawa, sai langa ta fara kuka, ɗil-ɗil-ɗil, muna ƙara hawa tana ƙara sauri. Direban, wani Kwaku, ya dube ni ta madubi.

"Nana, me kika kama a kwanon nan?"

"Tuƙa motarka."

Da hanya ta gangara kaɗan sai kukan ya koma gurnani. Nan na gane abin da Masta ya faɗa: ta san hawa, ta san sauka. Na rungume ta ina salati.

Kan dutse

Wurin fili ne mai gangara, ƙarshensa babu komai sai sarari, garin Nkoko can ƙasa kamar an watsa gero. Laima uku na shawagi. Na tsaya ina neman wanda zan tambaya wacce ce tasa, sai na ji murya a bayana.

"Amarya, wa ya ba ki izinin fita?"

Basiru ne zaune ƙarƙashin bishiya, laimarsa a ɗaure ko kwance ta bai yi ba, yana cin gyaɗa.

"Kai ba ka tashi ba?"

"Da me? Malaminmu ba ya barin kowa ya yi nisa babu na'ura. Tun da na buɗe jaka na san hannun wa ya shiga. Gobe da safe zan kamo hanyar gida."

Na nemi dutse na zauna. Ashe dabarata ta ci. Da na yi zamana a Zango da langata, da yaron nan ya dawo da ƙafafunsa. Ni da kaina na yi asubanci, na kumbura ƙafa, na kawo masa.

Bai miƙo hannu ba. Ya zauna kusa da ni yana kallon masu shawagi, irin kallon da uwarsa ke yi wa motocin Akara tana yarinya. Na daɗe da langar a cinya.

"An ce tana nuna inda mutum yake," na ce.

"Tana magana da wayata ba igiya, wayata ta aika wa taki."

"To haɗa."

Ya karɓi wayata ya yi 'yan danne-danne, sai ga wani ɗan ɗigo ja. Ya ce wannan shi ne. Na buɗe langa na ba shi. Ban tsaya na ga ya ruga ba; na ce wa Kwaku da ke jirana mu sauka.

Komawa

Na kwana a zangon Nkoko, gidan 'yar wata ƙawata da muka yi fataucin goro tare. Ta dafa mini ruwan zafi na gasa ƙafa. Tun a tasi nake bin ɗigon. Ya yi ta kewaya wuri ɗaya, ya miƙe, ya sake kewayawa, har la'asar sakaliya ya tsaya. Wayar ta yi ƙara.

"Amarya, na sauka."

"Na gani. Ka je ka yi salla."

Washegari na iso Zango bayan azahar, da ƙyar na haura dakalin ƙofa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Masta Yakubu, da Kwaku, da mai masaukina. Ban iya karatu ba, amma na iya ɗigon nan. Duk ranar da Basiru ya hau dutse, wayar na cinyata, girki ma sai dai wani ya yi.