Labulen Naɗi na Ɗakin Haihuwa

Har na ajiye aiki ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, cikin watan Afrilu, a shekarata ta biyu a ƙaramin asibitin da aka tura ni can bayan Gulma. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin a tashi daga wannan zama, shi zan ba ku, ko da yake ba na allura ba ne, ba kuma na magani ba. Labarin labule ne.

A lokacin ina matsayin babbar unguwarzoma, kuma ni ce mai kula da asibitin. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ƙaramin asibiti irin wannan yana ƙarƙashin sashen lafiya na Argungu ne. Duk abin da muke bukata, ko tsintsiya ce, sai na rubuta takardar nema, shugaban sashe ya sa hannu, sannan ma'ajin kaya ya fitar idan akwai. Idan babu, sai a jira kasafin baɗi. Mu shida ne a wurin: ni, da ma'aikatan lafiya biyu, da mai ba da magani, da Asabe mai shara, da Baba Manu maigadi.

Ɗakin haihuwarmu yana da manyan tagogi uku, biyu daga ciki suna kallon hanyar fadama, inda manoman shinkafa da na albasa ke wucewa tun safe har yamma. A da akwai dogayen labule, amma suna jan ƙasa, iska na kaɗa su kan gado, suna ɓaci da jini. Masu duba tsabta suka zo suka ce a cire, kuma da gaskiyarsu. Daga nan sai muka koma rataya zane idan an kawo mai naƙuda.

Ranar Talatar nan da hantsi aka kawo Hassi, matar wani manomin albasa, haihuwar fari, tare da uwar mijinta. Na duba ta a ɗakin awo, na ga naƙuda ta kankama, na ce mu shiga ciki. Tana kaiwa bakin ƙofa sai ta tsaya. Daidai lokacin wani mutum ya wuce zaune kan lodin buhuna a amalanken shanu, kansa daidai da taga.

"Sista, nan za ni kwanta?" in ji Hassi.

"Nan ne. Yanzun nan zan rataya zane."

Uwar mijin ta kama hannunta. "Zanen da iska ka ɗagawa? A'a. Ɗiyata, mu koma gida."

Na bi su har bakin ƙofar asibiti ina ba su haƙuri, ba su juyo ba. Da la'asar aka dawo da Hassi a kwance. Ta haihu a gida, amma jini ya ƙi tsayawa. Na yi mata abin da ƙa'ida ta ce, na ɗaura mata ruwa, na rubuta takardar turawa, na raka ta da kaina zuwa Argungu inda aka ƙara mata jini. Allah ya yi da sauran kwananta, ita da jaririn duk suka rayu.

Ranar awo ta gaba na ajiye laccar da na saba yi, na tambayi matan kai tsaye me ya sa suke cika ɗakin awo amma haihuwa sai a gida. Suka yi ta kallon juna. Can wata ta ce, "Sista, mijin ƙanwata ta nan shika wucewa kullum, haka ma baban mijina. Ƙaƙa za ni yi?" Sauran suka ce haka ne. Ni kuwa na yi wata da watanni ina ɗora laifin kan rashin wayewa.

Ranar Alhamis na kai takardar nema da hannuna wurin shugaban sashe, Malam Garba, mutum mai bin ƙa'ida ƙwarai. Na nemi labulen naɗi, irin wanda ake ja ya naɗe sama, ba ya taɓa gado ba ya taɓa ƙasa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Sista, wanga abu babu shi cikin kasahin bana. Ko na sa hannu, takarda kwana za ta yi cikin fayil. Ki dai yi dabara."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," na fito.

A ƙarshen mako na je gida Badariya a Birnin Kebbi, na biya wani shagon kayan ɗaki a unguwar Nasarawa don in ga abin da idona. Da aka faɗa mini kuɗin guda ɗaya na san ba hanyarmu ba ce. Amma ban fita ba. Na tsaya ina jan shi sama da ƙasa, ina leƙa bayansa, har mai shagon ya fara yi mini wani irin kallo. Abin da na gano shi ne ba wani asiri a ciki: bututu ne a sama, yadi a manne da shi, ɗan nauyi a ƙasa, sai abin juya bututun.

Ranar Litinin na tara ma'aikata duka a barandar asibiti, na zana abin a bayan wani tsohon kati. Bututu muna da shi, ragowar na roba da aka bari lokacin da aka ja mana ruwa. Yadi na ce zan sayo kaki kore a kasuwar Argungu, sauran ma'aikata suka ce kowa zai sa abin da ya samu. Asabe ta ce tana da keken ɗinki a gida, ta kuma ba da shawarar a yi shafi da tsofaffin zannuwan gado da aka daina amfani da su, a dafa su a wanke. Inda muka cije shi ne abin juyawa, don na shago da 'yar sarƙa da ƙarafa yake zuwa.

Baba Manu yana tsugune can gefe. Kafin ya zama maigadi ya shekara da shekaru yana su, wato kamun kifi, a gulbi, har ciwon gwiwa ya raba shi da jirgi. Bai cika magana a taro ba. Sai ya yi gyaran murya.

"Sista, in kin yarda in hwaɗi wani abu."

"Faɗi mana, Baba."

"Ba sai da sarƙa ba. A bar tsawon taƙi guda ga bakin bututu, a naɗa igiya wurin. Yadi in ya bi ta gaba, igiya ta bi ta baya. Kin ja igiya, bututu shi juya, yadi shi hau. Kin saki, nauyi shi sauko da shi."

Ya ɗauki kara da zare da ƙyallen share tebur ya gwada mana a wurin. Ƙyallen ya naɗe sarai. Mai ba da magani ya ce, "Kai, Baba, ashe injiniya muka aje bakin ƙofa!"

Ga yadda muka yi, ko wani cikinku zai bukata. Muka auna kowace taga, muka ƙara yatsa huɗu a kowane gefe don kada a bar kafar leƙe. Asabe ta fara wanke yadin kafin ta yanka, domin sabon yadi yana tsukewa. Ta haɗa shi da shafin, ta ɗinka, ta yi masa aljihu a ƙasa, ta sa sitacin rogo mai kauri, ta goge har ya tsaya kamar takarda. Kafin nan na ɗaga shi a rana na sa hannu a baya, na tabbatar ko inuwar yatsa ba a gani. Baba Manu ya zura sandar tsintsiya cikin bututun don kada ya lanƙwashe, ya huda shi jere da ƙusa mai zafi, ya ɗaure yadin da irin ƙullin da ake ɗaure tarun kamun kifi da shi, wanda ake kwancewa da ja ɗaya idan za a yi wanki. Wani kafinta a garin ya yanka mana ƙananan katakai masu rami inda bakin bututun zai zauna. Wajen nauyi Baba ya kawo dalmar taru, na ce a'a, dalma guba ce kuma yara na shigowa nan. Muka sa guntun rodi a aljihun. Igiyar ma na sa aka kafa ƙusar ɗaure ta can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Na farko da muka kafa bai yi ba. Ina ja sai yadin ya riƙa gudu gefe guda, ya cukuikuye a jikin katako, ya tsaya cak a rabi. Muka sauke, muka mayar, haka dai. Na zauna kan kujera raina a ɓace, ina tunanin mun ɓata yadin mutane.

Asabe ta shimfiɗa shi a ƙasa tana kallo. "Sista, laihina ne. Da ido na yanka." Ta kama zare ɗaya a bakin yadin ta zare shi tun daga wannan gefe har wancan, layi ya fito miƙe, sai ga shi yankan farko ya kauce da kusan yatsa biyu. Ta bi layin da almakashi. Baba Manu kuma ya ce ba ita kaɗai ba ce, ginin tagar ma a karkace yake, mu kuwa shi muka bi. Ya cika kwalba rabi da ruwa, ya kwantar da ita kan bututun, ya yi ta ɗaga katakon gefe ɗaya har ruwan ya kwanta daidai. Da na sake jan igiya, labulen ya hau sumul har sama. Na saki, ya sauko ya rufe tagar ruf, iska na shiga ta gefe amma ba ta iya ɗaga shi. Asabe ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin haihuwa, ban hana ta ba. Kafin ƙarshen wannan makon duka ukun sun hau.

Ban yi shela ba. Ranar awo kawai na shigar da matan ɗakin biyar biyar, na ce kowace ta ja da hannunta, wasu kuma su fita waje su gwada leƙowa. Tun daga watan nan littafin haihuwarmu ya fara cika yadda bai taɓa yi ba.

Bayan kamar wata biyu aka zo zagayen duba aiki, wanda ake yi duk bayan wata uku. Malam Garba ne ya zo tare da wata babbar jami'ar jinya daga Birnin Kebbi, Hajiya Balkisu. Yana shiga ɗakin ya ga ƙusoshi a bango, fuskarsa ta canza.

"Sista, wa ya ba ki izinin huda ginin gwamnati? Kin san wanga na iya jawo miki takardar neman bahasi."

Takarda irin wannan idan ta shiga fayil ɗin ma'aikaci tana iya tsayar masa da ƙarin girma. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in yi dabara. Ita ce wannan."

Hajiya Balkisu ta ja igiya, ta saki, ta shafa yadin, ta tambayi yadda ake wanke shi. Asabe ta kwance ɗaya a gabanta ta mayar. Sannan Hajiya ta fita ta zagaya ta hanyar fadama, ta tsaya bakin taga tana neman kafa. Da ta dawo ta buƙaci littafin haihuwa, ta duba watannin baya da na yanzu, ta miƙa wa Malam Garba. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɗinka muku?" in ji ta.

Na nuna Asabe da Baba Manu, waɗanda ke raɓe a bakin ƙofa.

Malam Garba ya rufe littafin ya ce, "To. Rubuto takarda yau, ki sa cewa da sanina anka yi. Zan sa hannu." Ya kuma yi hakan, har ya ƙara da yabo a rahotonsa.

Da damina ta yi tsakiya aka kira taron masu kula da ƙananan asibitoci a Birnin Kebbi, aka ba ni rabin awa in yi bayani. Na ce ba zan je ni kaɗai ba. Aka ce ba a saba gayyatar mai shara da maigadi irin wannan taro ba, na ce ai su suka san aikin, ni ko ƙullin ban iya ba. Hajiya Balkisu ta sa baki aka yarda. Asabe ta nuna yadda ake zare zare da sa sitaci. Baba Manu, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya gaban manyan jami'ai da bututu a hannu, ya ware yana bayani har yana gyara wa wani hannu yana cewa, "A'a, yallaɓai, ta baya za ka bi da ita." Ina zaune a layin gaba ina kallon mutane masu manyan takardu suna rubuta abin da yake faɗa. A duk shekarun aikina ban taɓa jin alfahari irin na wannan rana ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mace ba magani kaɗai take zuwa nema ba, da mutuncinta take zuwa, kuma idan ta ga za ta rasa shi, za ta gwammace ta koma gida ko da ranta ne a kai. Na kuma koyi cewa ilimin da ke cikin asibiti bai tsaya ga masu farar riga ba. Don haka ku da kuke farawa, duk inda aka tura ku, ku yi abu biyu a makon farko. Ku zauna da mafi ƙanƙantar ma'aikaci ku tambaye shi abin da ya iya kafin ya zo nan. Sannan idan ɗaki ba kowa, ku hau gadon majinyaci ku kwanta, ku dubi abin da yake gani daga nan.